Ba duk sil ɗin da ya shiga gurbi ne na motar ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wata 'yar roba da ba ta kai bakin kofin shayi faɗi ba, amma na ga ta raba mutane da jarinsu. Ni bakanike ne, ko fita kamar yadda ake ce mana a nan Gana. Shekara 26 ke nan ina aikin giyar mota a Suame Magazin, unguwar garejoji da ke Kumasi, gidana kuma a Aboabo. Robar da nake nufi ita ce sil ɗin shaf, wanda yara a gareji ke kira oyil sil. Zobe ne na ƙarfe da aka lulluɓe da roba, yana zaune a bakin ramin da shaf ke shiga cikin giya. Shaf na juyawa a cikinsa yana kai ƙarfi ga taya, shi kuma aikinsa ya tare man giya kada ya fito, ya tare ƙura da ruwa kada su shiga. A motocin da ke ja da tayoyin gaba, irin su Corolla da Vitz da Picanto da suka cika titunanmu, guda biyu ne, ɗaya hagu ɗaya dama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bayan ƙaramar salla. Akwai wata Hajiya a layinmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta sayar da filin da ta gada ta sayi Corolla mai giyar otomatik, 'yar Amurka, babban ɗanta yana haya da ita. Da wannan motar suke ci, da ita ake biyan kuɗin makarantar ƙannensa. Yaron ya lura da ɗigon jan mai a inda yake kwanar da motar, ta gefen direba. Ba na gari a lokacin, na je ta'aziyya Wa. Ya kai ta wani gareji, aka ce masa sil ne, kuma gaskiya aka faɗa masa. Aka fizge tsohon da sukudireba har ya murɗe, aka ba yaron shago ya shiga kasuwa da shi. Ya dawo da wani da aka ce daidai yake, aka shafe bayansa da gam, aka buga da guduma, aka ƙara mai, aka sallami ɗan Hajiya.

Kwana huɗu bayan haka wasu mutane suka ɗauke shi shata zuwa Tamale, tafiyar kusan kilomita 380. Ya wuce Offinso lafiya, ya wuce Techiman lafiya. Bayan Kintampo ya fara jin inji na kuka amma mota ba ta ja yadda ya kamata, giya na jinkirin sauyawa. Yaro ne, ga fasinjoji suna sauri, ya ce bari ya lallaɓa. Kafin ya kai gadar Buipe motar ta ƙi gaba ta ƙi baya. A bayan babbar mota aka dawo da ita Kumasi.

Washegarin dawowata Hajiya ta zo gareji da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a bakin rumfa da mayafinta, ta ƙi zama a bencin da na goge mata. Ta ce, "Masta, don girman Allah ka faɗa mini gaskiya, motar nan za ta tashi?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri in buɗe tukuna." Da na kwance ƙusar tsiyayar mai, abin da ya fito bai cika gwangwanin madara biyu ba, baƙi ƙirin, yana ƙaurin ƙonannen tuwo. Faranten kulocin da ke cikin giyar duk sun ƙone. Sai na zare shaf ɗin hagu na ciro sabon sil ɗin a hankali, na wanke shi da kananzir na kai shi haske. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Na ɗauko kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu, na auna wuyan shaf: milimita 34. Na duba lambar da ke jikin sil, ramin cikinsa 35 ne. Na zura shi a kan shaf ɗin da hannu, ya wuce sululu ba tare da ya kama ba. Milimita ɗaya ce ta cinye wa marayu giya.

Muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan sil wannan magana ba ta aiki. Babu idon da zai bambance 34 da 35 a tafin hannu, balle idan tsohon da ake gwadawa da shi ya murɗe. Kuma abin da ya yaudari kowa shi ne a gareji motar ba ta yi yoyo ba, domin mai na da sanyi kuma shaf a tsaye yake. Sai da mai ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa, shaf na juyawa awa bayan awa, sannan ya samu hanya.

Kowane sil yana da awo uku, kuma akasari a rubuce suke a jikinsa da ƙananan lambobi, misali 35 55 8. Ta farko faɗin shaf ɗin da aka yi shi dominsa, ta biyu faɗin ramin da zai zauna a jikin giya, ta uku kaurinsa, duka da milimita. Wanda zai auna, ya auna ƙarfe, wato wuyan shaf da bakin ramin, kada ya auna tsohuwar roba. Leɓen sabon sil da gangan ake yin sa ya ɗan fi shaf matsi don ya kama, na tsoho kuma ya riga ya cinye ya buɗe. Idan ka auna wannan buɗaɗɗen leɓe ka je kasuwa da abin da ka samu, wanda ya fi girma za ka sayo. Ina kyautata zaton haka aka yi wa motar Hajiya.

Amma ko awon nan uku ba su isa ba, kuma nan ne nake yawan samun saɓani da 'yan'uwana masu shaguna. Mutum zai zo ya ce, "Ba ni sil ɗin shaf na Corolla." Wace Corolla? Ta wace shekara? Otomatik ce, ko mai giyar hannu, ko irin sababbin otomatik ɗin nan da ba sa sauya giya mataki-mataki, masu suna CVT? Hagu ko dama? A motoci da yawa na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, wani lokaci faɗin waje ya bambanta ƙwarai. Sannan motocin da ke sauka a tashar Tema daga wurare daban-daban suke zuwa, wata daga Amurka, wata daga Turai, wata daga Japan ko Koriya. Suna ɗaya, fuska ɗaya, giya daban. Abin da ya fi tabbas shi ne lambar shasi, wadda a yawancin motoci ke da haruffa da lambobi 17, kuma akan gan ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Da ita ake fito da ainihin lambar kayan da kamfani ya sa. Na Toyota, alal misali, yawancinsu da 90311 suke farawa, sai wasu lambobi biyar su biyo baya. Yanzu kusan kowane yaro a Magazin yana riƙe da waya mai intanet, binciken ba ya ɗaukar minti biyar.

Sai dai akwai tarkon da ya keɓanta da mu. Motoci da yawa a ƙasar nan ba da giyar da suka zo da ita suke yawo ba. An sauke ta asali an ɗora homyus, wato tsohuwar giya da aka shigo da ita daga waje, wani lokaci ta wata shekara dabam, har ma da shaf ɗin wata mota. A irin wannan hali lambar shasi za ta ba ka sil ɗin giyar da ta daɗe da barin motar. Shi ya sa nake haɗa uku: lambar shasi, lambar da ke jikin tsohon sil, da abin da kalifa ta gaya mini. In ukun sun yarda da juna, in aika a sayo. In ɗaya ya saɓa, sai na gano dalili. Saboda haka ma ba na yarda yarona ya yaga tsohon sil wajen cirewa. Shi ne shaidar da muke da ita. Ana ɗaga shi kaɗan kaɗan ta kowane gefe, tare da kiyaye bakin ramin, domin jikin giya alminiyam ne, tsinin sukudireba kan yi masa zane, kuma mai zai bi wannan zanen ko da sabon sil ɗin na ƙwarai ne.

Sai siffa. Idan ka juya sil za ka ga wani siririn sifirin a zagaye a bayan leɓen ciki. Shi ke riƙe leɓen ya matse shaf, kuma gefen da yake shi ke fuskantar mai. Na sha cin karo da sil da aka sa a juye. Wani sil leɓe ɗaya gare shi, ana rubuta masa SC. Wani leɓe biyu, TC, na biyun yana waje yana tare ƙura. Na asali da ke zuwa da mota sau da yawa yana da wani ƙarin baki mai tsawo da ke fitowa waje ya haɗu da 'yar garkuwar ƙarfe da ke jikin shaf. Mai shago zai ce maka na gama-gari ma yana yi tunda awo ɗaya ne. Zai yi na ɗan lokaci. Amma duk wanda ya san jar ƙurar hunturu a hanyoyin bayan gari, ya kuma san yadda ruwa ke kwanciya a Aboabo da Asawase idan damina ta kankama har mota na ratsa shi zuwa rabin taya, ya san wannan leɓen na waje ba ado ba ne. Ƙura in ta samu shiga ƙarƙashin leɓen mai, sai ta haɗu da mai ta zama kamar takardar goge katako, ta ci roba, ta ci ƙarfe.

Akwai kuma kibiya. Wasu sil ɗin suna da 'yan siraran layuka a karkace a jikin leɓe, waɗanda idan shaf na juyawa suke tura mai ya koma ciki. Irin waɗannan ana zana musu kibiya a fuska don nuna inda shaf ya kamata ya juya. To idan mota na tafiya gaba, ka tsaya ta hagu ka kalli taya, sannan ka zagaya ta dama ka kalla, za ka ga juyin ya saɓa. Ka ɗauki mai kibiyar dama ka sa a hagu, layukan nan su koma fitar da mai maimakon mayar da shi. Da yawa daga cikin na shaf an yi su ne su yi aiki ta ko'ina, amma ba duka ba, kuma na ga an ɗauko sil ɗin inji mai kibiya an sa a giya don kawai awo ya zo ɗaya. A duba kafin a biya kuɗi.

Robar ma iri-iri ce. Ta gama-gari, NBR, tana jure zafi zuwa wajen digiri 100 ko ɗan sama da haka. Akwai ACM da ta fi ta juriya, wadda ake yawan amfani da ita a giyar otomatik. Akwai FKM, wadda aka fi sani da Viton, mai kai wa wajen digiri 200, ita ce mafi tsada. Motar haya da ke wuni cikin cunkoson Kejetia da zagayen Suame da rana tsaka, man giyarta na yin zafi sosai, roba mai rauni kuma sai ta bushe ta yi tauri ta tsattsage. Mutane sun ɗauka duk sil mai launin ƙasa-ƙasa Viton ne. Masu jabu ma sun san mutane sun ɗauka haka, sai suka koyi rina roba. Launi ba hujja ba ne.

Ni idan an kawo mini sil, kafin komai sai na matsa leɓen da babban yatsa. Na kirki yana da taushi, yana komawa mazauninsa nan take, bakinsa kuma sumul yake mai kaifi, babu ɓurɓushin roba. In ɗaga sifirin in ga mahaɗarsa ta kama da kyau, babu tsatsa. In duba rubutun jikinsa, na jabu yakan zama a dagule. Kamfanoni irin su NOK da Corteco da SKF sun yi suna a wannan fanni, NOK ma shi ke yi wa motocin Japan da dama tun daga masana'anta, amma an fi kwaikwayon kwalin mai suna, don haka kwali kaɗai ba ya gamsar da ni. Ba na kuma karɓar wanda ya shekara rataye a waya a bakin shago rana na dukansa, ko da na asali ne. Sil ɗin homyus kuwa, wanda aka ciro daga tsohuwar giya, wannan ko kyauta aka ba ni ba na sawa. Homyus na da amfaninsa, ni kaina da shi nake rufa wa mutane asiri kullum, amma ban da roba mai leɓe.

Don kada a ce ina ɗora laifi a kan wasu kawai, ga nawa. Shekarun baya na sa wa wata Nissan sil har sau uku cikin wata biyu, kowane na kirki, kowane ya yi yoyo. Mai motar dattijo ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai ya ce, "Ɗana, har yanzu fa tana zuba." Kunyarsa ta hana ni barci. A karo na uku na wanke wuyan shaf na bi shi da farce, farcena ya faɗa wani siririn kwari da tsohon leɓe ya sassaƙa a ƙarfen tsawon shekaru. Kowane sabon sil a cikin wannan kwarin yake zama. Da na duba tun farko da ban ɓata masa kuɗi da lokaci ba, kuma na mayar masa da kuɗin aikin biyun baya. Maganin irin wannan, ko a sauya shaf, ko a sa masa siririn hannun riga na ƙarfe da ake yi don haka, ko in ramin ya ba da dama a ɗan gusa da mazaunin sil kaɗan don leɓe ya sauka a lafiyayyen wuri. Tun daga ranar nake kuma girgiza shaf a bakin giya in ji ko yana wasa, domin in boris ɗin ciki ya ci, shaf zai riƙa rawa, babu leɓen da zai iya bin sa. Ina duba ɗan bututun numfashi da ke saman giya, wanda laka kan toshe. In ya toshe, iska mai zafi ta rasa mafita sai ta tura mai ta bakin sil. Cika mai fiye da kima ma yana jawo haka.

Wajen sawa ba dogon zance. A shafa wa leɓe man giya kada ya fara aiki a bushe. A tura shi daidai da abin da ya yi faɗinsa, ba da bakin guduma a gefe ɗaya ba, zuwa zurfin da tsohon yake, wanda ya kamata a lura da shi tun kafin a cire. Wajen mayar da shaf a riƙe nauyinsa, kada haƙoransa su yanki leɓe ko su ture sifirin. Sil mai roba a baya da ya dace da raminsa ba ya bukatar gam. Duk inda na ga an lafta gam, zuciyata na gaya mini mai aikin ya ji sil ɗin ya yi sako-sako ne.

Masu mota kuma, ku san abin da kuke gani a ƙasa. Man otomatik sau da yawa ja ne, mai ɗan ruwa-ruwa. Man giyar hannu yakan fi kauri, da wari mai ƙarfi. Baƙin giris mai kauri da ya fantsama a cikin taya, wannan robar but ce, wadda ke lulluɓe gaɓar shaf, ta yage, wani aiki ne dabam. Abin da ke ba ni tsoro shi ne giyar hannu ba ta da sandar duba mai a mafi yawan motoci, sababbin otomatik da yawa ma an daina sa musu. Direba zai duba baƙin mai da ruwa kowace safiya ya ɗauka ya gama, alhali giya na tsiyaya a ƙarƙashinsa. Kuma idan an ƙara mai bayan aiki, a tabbata irin wanda kamfani ya rubuta ne, na CVT daban yake da na otomatik na da.

Roƙona ga iyayenmu da 'yan'uwanmu masu shagunan kayan mota, a nan Magazin da can Abossey Okai a Ankara, babban birnin Gana, shi ne kowane shago ya ajiye kalifa a kan kanta. In babu wanda ya dace, a ce babu. Kalmar nan ta "zai yi, je ka gwada" ita ce ke kashe mutane, domin yaron da aka aiko yana tsoron ya koma wa mastansa hannu wofi, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa. Mu ma mastoci mu daina yi wa yaro tsawa idan ya dawo ya ce bai samu ba. Akwai wani dattijo mai shago kusa da rumfarmu da nake girmamawa saboda wannan. Na aika masa yarona, ya juya tsohon sil ɗin ya karanta, ya ce, "Je ka gaya wa mastanka ina da mai kama da shi, amma ba shi ba ne. Ya jira jibi, zan sa a sako mini daga Ankara a motar dare." Na jira, mai motar ya yi ƙorafi kwana biyu, har yau bai dawo da maganar yoyo ba.

Motar Hajiya ta yi mako bakwai a rumfata kafin a haɗa kuɗin giyar homyus, da taimakon 'yan'uwan marigayi da wani adashi da ta ɗauka tun lokacinta bai yi ba. Da giyar ta iso na cire sil biyun da ta zo da su, na auna, na sa sababbi na hagu da na dama, kowanne da lambarsa. Na ce wa yaron ya riƙa shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar kowane dare har mako biyu, da asuba kafin ya fita ya ɗauki hotonsa ya turo mini. Jiya ne na goma sha ɗaya, kwalin a bushe yake.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani bakaniken giya,
Suame Magazin, Kumasi